Tarihin Hulusi Behçet (1889–1948), Likitan Fata da Sunansa Ya Bi Ciwon Ido

Duk ɗalibin likitanci da karatu ya kai shi babin cututtukan ido, a Tokiyo yake ko a Legas, sai ya haddace sunan wani Baturke, wato Behçet. Abin mamaki kuwa, mai sunan likitan fata ne da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ya ƙare rayuwarsa yana duba ƙuraje da gyambuna a birnin Istanbul, wanda kakanninmu suka sani da suna Santambul. A cikin wannan aiki ne ya lura da wata cuta mai makantar da samari, ya bi ta shekara goma sha uku kafin ya yarda ya rubuta wani abu a kanta. Ya rasu bai san ainihin abin da ke kawo ta ba, bai kuma ga maganinta ba.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata ɗaliban harshe su tsaya kan sunan kansa. Harafin nan mai ɗan wutsiya, ç, a rubutun Turkanci sautinsa ɗaya ne da c na Hausa, irin na ciki da cinya. Saboda haka Bahaushe da ya karanta Behcet yadda ya saba karatu ya fi likitan Ingila kusa da daidai, domin Turawa da yawa Beshet suke cewa. Asalin sunan Larabci ne, daga kalmar bahja, wato farin ciki da ƙayatarwa. Hulusi kuma tushensa ɗaya da kalmar ihlasi da muke ji a bakin malamai.

Haihuwa da karatu

An haifi Hulusi a Istanbul ranar 20 ga Fabrairu, 1889, zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu. Daular da yake mulka ita ma Usmaniyya ake ce mata, amma kada mai karatu ya rikita ta da tamu ta Sakkwato. Waccan ta Turkawa ce, kuma a lokacin ta riga ta tsufa, ƙasashenta na ta zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, kakarsa ce ta rene shi. Aikin mahaifinsa ya kai iyalin Dimashƙa, a can ya yi wani ɓangare na karatun farko. Ya koyi Faransanci da Jamusanci da Latin tun yana yaro, kuma waɗannan harsuna su ne suka zame masa tsani daga baya. Da ya tasa sai ya shiga makarantar likitancin soja a Istanbul, ya gama a 1910 yana da shekara 21. Ya ci gaba da neman ƙwarewa a fannin fata a asibitin soja na Gülhane har 1914.

Akwai wani abu game da makarantun likitancin Turkawa da ya shafe mu kai tsaye. Shekaru da dama da Faransanci ake koyar da likitanci a Istanbul, saboda an ɗauka Turkanci ba shi da kalmomin da za su ɗauki wannan ilmi. Wasu likitoci suka ƙi yarda da haka, suka dage. A 1870 aka mayar da koyarwa cikin Turkanci, a 1873 kuma aka buga ƙamus na kalmomin likitanci. Behçet ya zo ya tarar an gama wannan faɗa, ya yi karatu da harshen gidansu. Mu da har yanzu muke gardama kan ko Hausa za ta iya ɗaukar darasin kimiyya, muna iya lura cewa Turkawa sun yi tasu gardamar sun wuce wurin fiye da shekara 150 da suka shige.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya same shi yana likitan soja, ya yi aiki a asibitin soja na Edirne. Da yaƙi ya ƙare ya tafi Budafes, daga nan ya wuce asibitin Charité na Balin don ƙaro ilmi, ya komo gida a 1919. A 1923, shekarar da aka kafa Jamhuriyar Turkiyya, aka naɗa shi babban likitan asibitin cututtukan saduwa na Hasköy, ba a jima ba ya koma asibitin Gureba. A wannan shekarar ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya ɗaya.

Zamanin sauye-sauye

Behçet ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana rubuta Turkanci da haruffan Larabci, kamar yadda malamanmu ke rubuta ajami. A Nuwamba 1928 gwamnatin Mustafa Kemal ta kafa doka, aka koma haruffan boko cikin watanni kaɗan. Mutum mai shekara 39, babban likita, ya wayi gari yana sake koyon rubuta sunansa. A 1934 wata dokar ta tilasta wa kowa ɗaukar sunan iyali, sai ya ɗauki sunan mahaifinsa, Behçet. Ashe ke nan sunan da duniya ta sani bai zama nasa a hukumance ba sai shekara uku kafin takardar da ta sa ya yi suna.

A 1933 aka rushe tsohuwar jami'a aka kafa Jami'ar Istanbul. Shekarar ta zo daidai da hawan Hitila mulki a Jamus, don haka malamai da dama da aka kora daga jami'o'in Jamus suka sami mafaka a Turkiyya, cikinsu har da shahararren likitan ido Josef Igersheimer. An ba baƙi kujeru masu yawa a sashen likitanci, amma sashen fata da tunjere Behçet aka damƙa wa, kuma shi ya riƙe shi har rasuwarsa. A 1934 ya kafa mujallar cututtukan fata ta Turkanci, a 1939 kuma ya kai matakin farfesa mafi girma a tsarin jami'ar.

Ayyukansa na yau da kullum ba su da ƙyalli. Ya yi rubutu mai yawa kan tunjere, har da littattafan koyarwa. Ya yi bincike kan gyambon nan na ƙasashen Gabas da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa. Ya kuma bayyana kumburin fata da ruwan ɗanyen ɓaure ke jawo wa masu tsinkar sa. Duk cututtukan talakawa ne da ma'aikatan gona.

Majinyata uku

A wajen 1924 wani mutum ya zo wurinsa da matsala mai ɗaure kai. Gyambuna masu zafi na fito masa a baki su warke su dawo. Irinsu na fitowa a al'aura. Ƙulli ja mai ciwo na tasowa a fatarsa. Idanunsa kuma sukan yi ja, gani ya dushe, ya lafa, bayan wani lokaci ya sake tashi. Mutumin ya ga likitoci a Istanbul, ya je har Biyana. Wasu suka ce tarin fuka ne, wasu suka ce tunjere. Aka yi masa aikin ido ba sau ɗaya ba, daga ƙarshe ya makance gaba ɗaya. Behçet bai sallame shi ba, ya ci gaba da duba shi shekara da shekaru yana rubuta abin da ya gani.

A 1930 wata mata ta zo da gyambon baki da na al'aura da jan ido. Ya yi mata gwaje-gwajen tunjere da tarin fuka da sauran ƙwayoyin cuta da aka sani, bai sami komai ba. A 1936 aka turo masa wani namiji daga sashen haƙori, shi ma da alamomin nan, ga ƙuraje a baya da zazzaɓin yamma.

A nan ne, a ganina, hazaƙar mutumin take. Majinyaci irin wannan yakan rarrabu tsakanin likitoci. Likitan haƙori ya ga baki ya ce gyambon baki ne kawai, wanda kowa kan yi. Likitan ido ya ga ido ya ɗora laifi kan tarin fuka ko sanyin gaɓoɓi. Likitan mata ko na mafitsara ya ga nasa ɓangaren ya yi zargin cutar saduwa, majinyaci ya koma gida da kunya a kan laifin da bai yi ba. Behçet kuwa ya san tunjere ciki da waje, saboda haka ya iya cewa da ƙarfin zuciya wannan ba ita ba ce. Ya haɗa baki da ido da al'aura wuri ɗaya, ya ce cuta guda ce mai zaman kanta.

A 1937 ya buga bayaninsa cikin Jamusanci a mujallar Dermatologische Wochenschrift. Zaɓen harshen ba don ado ba ne. Da a Turkanci kaɗai ya tsaya, likitocin Turai ba za su karanta ba, kuma Jamusanci shi ne harshen ilmin fata a lokacin. Ya bi da wasu takardu a shekarun da suka biyo baya, har da ta Ingilishi a 1940. Likitoci da dama suka yi tirjiya da farko, musamman na ido, waɗanda suke ganin tsohon ciwo ne aka sake wa riga. Amma sai rahotanni suka riƙa fitowa daga wasu ƙasashe na majinyata masu alamomi iri ɗaya. A 1947, a wani taron likitoci a Janiba, Farfesa Miescher na Zurik ya kawo shawara a kira cutar da sunan Behçet, aka amince.

Ya yi kuskure ɗaya babba, kuma yana nan a cikin kan takardar tasa: ya ɗauka ƙwayar cutar bairas ce ke kawo ta. An yi ta neman wannan bairas shekara da shekaru ba a same ta ba.

Gardamar suna

Girkawa ba su gamsu da sunan ba. A 1930 wani likitan ido mai suna Benediktos Adamantiades ya gabatar wa ƙungiyar likitocin Atina labarin wani saurayi mai kumburin ido da ke tafiya yana dawowa, tare da gyambuna da kumburin jijiyar ƙafa, kuma ya buga shi cikin Faransanci a 1931. Shekara shida ke nan kafin Behçet. Shi ya sa wasu littattafai, musamman a Girka da Jamus, ke haɗa sunayen biyu. Abin ban sha'awa, shi ma Adamantiades a ƙasar Turkiyya ta yau aka haife shi, a garin Bursa.

Wanda ya san tsamin dangantakar Turkawa da Girkawa zai gane cewa gardamar ta wuce ta ilmi. Ni dai abin da na fahimta shi ne Adamantiades ya riga gani, amma Behçet ne ya dage cewa cuta ce daban, ya yi ta maimaitawa cikin harsuna da dama har aka saurare shi. In kuma riga gani ne ma'auni, to Bukuratu, likitan Girka na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga su duka, domin akwai bayanin alamomi masu kama da waɗannan a cikin littattafan da ake danganta masa.

Behçet bai daɗe yana jin daɗin karramawar ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Istanbul ranar 8 ga Maris, 1948, yana da shekara 59. Hukumar binciken kimiyya ta Turkiyya ta ba shi lambar yabo a 1975 bayan rasuwarsa, a 1980 kuma aka buga kan sarki mai hotonsa.

Abin da aka gano bayansa

Yanzu an san cewa garkuwar jikin mutum ce ke birkicewa ta far wa jijiyoyin jininsa, manya da ƙanana. Ba a ɗaukar cutar daga wani, ba ta kuma da alaƙa da saduwa. A 1973 Shigeaki Ohno da abokan aikinsa a Japan suka nuna alaƙarta da wata alama ta gado a jikin ƙwayoyin halitta, wadda ake kira HLA-B51 a yau. An fi samun cutar daga Japan da Koriya da Sin, ta bi Iran da Turkiyya, har ƙasashen bakin Bahar Rum da Arewacin Afirka, shi ya sa ake mata laƙabi da cutar hanyar fataken siliki. Wani bincike da aka buga a 2003 ya sami kusan mutum 4 cikin kowane 1,000 na mazauna Istanbul da suka kai shekara 12 suna ɗauke da ita. Kudu da Sahara ba ta da yawa haka, amma ana samun ta.

Ido ne wurin da ta fi ɓarna. Ƙwayar ido tana da riguna uku. Ta tsakiya cike take da jijiyoyin jini, kuma masana na dā suka ga ta yi kama da ɓawon inabi, suka raɗa mata suna daga kalmar Latin uva, wato inabi. Kumburin wannan riga shi ne likitoci ke kira yubiyaitis. A cutar Behçet yakan kama ido biyu, wani lokaci har a ga fararen ƙwayoyin jini sun kwanta kamar mugunya a ƙasan baƙin ido. Abin da ya fi haɗari shi ne wanda ba a gani a madubi, wato toshewar jijiyoyin tantanin bayan ido mai ɗaukar hoto. Kowane tashi na ciwon yakan kashe wani yanki na tantanin, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Samari maza ne suka fi shan wuya, a daidai shekarun neman abinci da kafa iyali.

Magungunan da bai gani ba

A watan Satumba na 1948, wata shida kacal bayan an binne Behçet, Philip Hench da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka yi wa wata mai ciwon gaɓoɓi allurar kotizon a karon farko. Cikin 'yan shekaru maganin ya shiga hannun likitocin ido. Kotizon da danginsa na kwantar da kumburi da sauri, har yau da su ake fara kashe wutar. Matsalar ita ce ba a iya zama a kansu. Wanda ya daɗe yana amfani da su yana iya samun yanar ido ko hawan jinin ido, ga ciwon sukari da raunin ƙashi. Da an rage su kuma ciwon ya dawo.

Sai aka juya ga magungunan da aka fi sani da aikin dashen ƙoda, masu danne garkuwar jiki don kada ta ƙi baƙon sashe. Na farko shi ne azatiyofirin, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion da George Hitchings a 1957. Hujjar amfaninsa ga wannan cuta daga garin Behçet ta fito. A 1990 Hasan Yazıcı da abokan aikinsa na asibitin Cerrahpaşa a Istanbul suka buga sakamakon gwajin shekara biyu a kan maza 73. Cikin waɗanda ciwon bai riga ya taɓa idanunsu ba, mutum 8 daga masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta suka kamu da ciwon ido, amma mutum 1 ne kawai ya kamu daga masu shan azatiyofirin. Na biyu shi ne saikulosforin, wanda aka samo daga wani naman gwari na cikin ƙasa da aka ɗebo a Nowe. Yana aiki da sauri a ido, sai dai yana wahalar da ƙoda yana kuma ta da hawan jini.

Duk da haka akwai idanun da suka gagari waɗannan. Sauyi na gaske ya zo ne da aka gane rawar wani sinadari mai suna TNF, wanda ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna don rura wutar kumburi. Aka ƙera magunguna masu kama shi kaɗai su ɗaure, maimakon a danne garkuwa baki ɗaya. A 2001 Petros Sfikakis da abokan aikinsa suka ba da rahoton majinyata 5 masu cutar Behçet da aka yi wa ƙarin ruwa na infiliksimab sau ɗaya. Kumburin ya fara sauka cikin yini guda, ya lafa cikin mako ɗaya. Rahoton daga Atina ya fito, garin Adamantiades. A 2007 Japan ta amince da maganin don ciwon idon Behçet da ya ƙi jin sauran magunguna. A 2016 kuma Amurka ta amince da ɗan'uwansa adalimumab, wanda ake yin allurarsa ƙarƙashin fata kowane mako biyu, don kumburin tsakiya da bayan ido wanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. Ba su warkar da cutar, suna dai hana ta tashi, kuma yawancin majinyata sai sun yi shekaru a kansu. Amma saurayin da a zamanin Behçet makanta ke jiransa, yau yana da kyakkyawan zato na riƙe ganinsa in an fara da wuri.

Magungunan nan suna da tsada ƙwarai, kuma suna da nasu haɗari, wanda ya shafi ƙasarmu fiye da wasu. TNF na cikin abin da jiki ke amfani da shi wajen tsare ƙwayar tarin fuka da ke kwance a huhu ba ta motsi. In aka ɗaure shi, ƙwayar na iya farkawa. A 2001 ɗin nan dai aka buga rahoton mutum 70 da tarin fuka ya taso musu bayan an ba su infiliksimab. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, ga ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma kan farfaɗo in an danne garkuwa.

Akwai kuma wani tarkon da ya fi kusa da mu. Kumburin cikin ido da yawa a nahiyarmu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma danne garkuwar mai irin wannan ciwo ƙara masa ciwon yake yi. Wannan ya haɗa da wanda ya je kemis ya sayi maganin ɗigawa mai kotizon don idonsa ya yi ja, ya yi ta ɗigawa wata da watanni ba likitan da ya leƙa cikin idon. Saboda haka kafin likitan ido ya rubuta ɗaya daga cikin sababbin magungunan nan, sai ya tura majinyaci hoton ƙirji da gwajin jini. Cikin gwaje-gwajen da ba a tsallakewa har da na tarin fuka da na tunjere, cututtuka biyun da likitocin Istanbul da Biyana suka ɗora wa majinyacin Behçet na farko.